Kuɗin Data Ɗaya Ne, Sabis Ne Ba Ɗaya Ba

Jawabin kwamitin ciniki a taron cikar ƙungiyarmu shekara 10



Ranka ya daɗe mai girma Dagaci, Allah Ya ƙara maka lafiya. Allah Ya gafarta Malam Liman. Hajiya Shugaba da 'yan majalisarta, Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu 'yan ƙungiya, mazajenmu da suka bar ayyukansu suka zo, da yaranmu da ke can baya suna gadin kulolin shinkafa, barkanmu da ganin wannan rana.

A yi mana uzuri in an ji muna tuntuɓe a karatu. Takardar nan mu biyar 'yan kwamitin ciniki muka rubuta ta da hannunmu, dare uku a tsakar gidan Ma'aji. Ranar da aka kafa ƙungiyar nan, huɗu daga cikinmu da babban yatsa muka dangwala a rajista. Malama ta duba mana ta gyara abin da ta gyara, kuskuren da ya rage namu ne.

Ma'aji ta karanta muku lissafi, kun ji abin da ya shiga da abin da ya fita. Mu kuma aikin da kuka ɗora mana a taron bayan ƙaramar salla shi ne mu bincika maganar sabis: me ya sa namu ba ya tafiya, nawa yake ci mana, kuma me za mu iya yi. To mun tambaya, mun saurara, ga abin da muka dawo da shi.

Manyanmu za su tuna, a 2001 wayar salula ta shigo Najeriya, ta kuma daɗe kafin ta iso nan. Da ta iso, wajen mai waya a ƙarƙashin lema muke zuwa, a buga mana, mu biya kuɗin minti. A lokacin buƙatarmu ba ta wuce "kun tashi lafiya, kaya sun iso?" ba. In murya ta fita, an gama. Yau kuwa ciniki kansa ya koma cikin waya. Mai sayen zoɓo a Kano ba za ta turo kuɗi ba sai ta ga hotonsa, ta ga jansa, ta ga ba ƙasa a ciki. Mai son man gyaɗa jarka biyar cewa take a ɗauko mata bidiyo. In an daidaita, tiransifa za ta yi. Hoto da bidiyo da manhajar banki kuwa ba su san murya ba, intanet mai ƙarfi suke so.

Ba mu gane haka sosai ba sai a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suka koma banki, sababbin ba su fito ba. Aka ce kowa ya koma tiransifa. To da wane sabis? Wa ya manta ranar kasuwar da muka wuni da tiren ƙuliƙuli, ga mai saye ga mai sayarwa, kowa ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa? Wa ya manta da masu tsabar kuɗi da suka zo daga birni suka kwashe mana riɗi da wake a farashin da suka ga dama, don kawai su ne masu takarda a hannu? Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris na shekarar cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, sannan muka fara numfashi. Wahalar ta wuce, amma ta bar mana al'ada. Tun daga lokacin, rabin masu sayen kayanmu da waya suke biya.

Duk mai babbar waya a nan ta fito da ita ta duba can sama, kusa da sandunan sabis. Akwai ɗan harafi. Mu da muka yi ajin Malama yanzu muna iya karanta shi. In kin ga E, to kina kan tsohon layi ne, wanda ake kira 2G. Yana ɗaukar murya da ɗan gajeren saƙo, amma hoto sai ya kwana yana juyawa. In kin ga H, 3G ke nan, da dama-dama. In kin ga 4G, to shi ne abin da mutanen birni suke kira sabis. Mun zaga unguwanni huɗu na garin nan da wayoyi uku, layuka daban-daban. A cikin ɗaki, E. A tsakar gida, E, wani lokaci H. 4G wuri biyu kawai muka same shi: kan tudun bayan makarantar firamare, da bakin titi wajen tasha. Shi ma ranar kasuwa daga hantsi zuwa la'asar sunansa kawai ake gani.

Ku lura da abu ɗaya. Sandunan nan suna iya cika fal, amma saƙo ya ƙi tafiya. Mun tambayi wani injiniya da ke zuwa duba ƙarfen sabis na garin da ke gaba da mu, muka tare shi da furar Hajiya Shugaba, ya zauna ya yi mana bayani. Ya ce ƙarfen sabis kamar famfon unguwa yake. Sanduna suna nuna miki kina kusa da famfo ne, ba su nuna miki akwai ruwa ba. Ruwan da ke zuwa ƙayyadadde ne, duk wanda ya kunna data bokitinsa ya ajiye a layi. Ranar kasuwa mutanen ƙauyuka goma sun taru a kan famfo ɗaya, kowa ɗigo zai samu. Shi ya sa da tsakar dare, in gari ya yi barci, saƙon da ya maƙale tun azahar sai ki ji ya wuce.

Muka ce, to ruwan daga ina yake zuwa? Ya ce daga teku. Manyan wayoyi ne aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku daga Turai, yawancinsu a Legas suke fitowa tudu. Daga can ake binne wata waya ta gilashi, zarenta siriri kamar gashi, ana kiranta faiba, ta bi gefen manyan tituna. Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne. Ƙarfen da faiba ta kai gindinsa, ruwansa da yawa. Irin namu na ƙauye kuwa, galibi faifan nan masu kama da ganga da kuke gani a jikinsa su ke karɓo saƙo ta iska daga wani ƙarfen, shi ma daga wani. Kafin ya iso mana an sha shi a hanya. Ga kuma wuta. Janareto da batura ke riƙe da ƙarfen dare da rana. In man dizal ya yanke, ko ɓarayi suka kwashe batura, ko masu aikin titi suka datse faiba da katafila, sai gari ya yi tsit.

Wataƙila kun tuna ranar 14 ga Maris na 2024, cikin azumi, da wayoyin nan na teku suka lalace a wajen gaɓar Kwaddibuwa. Bankuna suka tsaya, mutanen Legas da Abuja suka yi ta kuka a rediyo. Mun tausaya musu, amma wallahi sai da muka yi dariya. Abin da suka ɗanɗana na 'yan kwanaki, shi ne tuwonmu na kullum.

Muka sake tambayarsa, me ya hana a ƙara mana? Bai ɓoye ba. Ya ce kamfani ɗan kasuwa ne kamar ku. Yana ƙirga kawuna, yana ƙirga katin da ake saye. Inda ya ga kuɗin kafa ƙarfe da mai da gadi ba za su fito da wuri ba, sai ya ja ƙafa. Ga kuɗin da jihohi ke karɓa kafin a haƙa ramin faiba. Gwamnoni sun amince da naira 145 a kan kowace mita, wasu sun yafe gaba ɗaya, wasu kuma suna karɓar fiye da haka. Mu 'yan kasuwa ne, mun san ba a kasa kaya inda ba masu saye. Amma mun kuma san wani abu: mace ba za ta sayi data mai yawa ba alhali wadda ta saya wancan watan ta ƙare wa'adi ba ta more ta ba. Su suna jira mu saya su gyara, mu muna jira su gyara mu saya.

Kuma ba kyauta muke roƙo ba. Kuɗin data a nan da na Kano ɗaya ne, ba a taɓa yi mana ragi don muna ƙauye ba. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanoni su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100. Saƙon tes da ke naira 4 ya koma 6. Ƙarin ya iso garin nan rana ɗaya da birni, bai tsaya neman sabis a hanya ba. Da a ce mu ne muka auna wa wani tiya ba ta cika ba muka karɓi kuɗin cikakkiya, da kafin la'asar muna gaban Sarkin Kasuwa.

Sannan akwai alkawari a rubuce. A 2020, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, gwamnati ta fitar da shirin shekara biyar na intanet mai sauri. A ciki an ce zuwa 2025 kashi 70 cikin 100 za su samu, an ce ƙauye ma a ba shi saurin da bai gaza megabit 10 a daƙiƙa ba, birni 25, kuma giga ɗaya kada ya wuce naira 390. Wa'adi ya zo, lissafin hukumar kanta yana kewayen rabi ne. Ministan yanzu, Bosun Tijani, ya yi shelar za a shimfiɗa faiba kilomita 90,000. Muna fatan alheri, muna kuma fatan ta biyo ta titinmu. Haka kuma tun dokar sadarwa ta 2003 aka tanadi wani asusu, ana kiransa USPF, aikinsa ke nan kai sadarwa wuraren da kamfani ba ya ganin riba. Ashe akwai tukunyar da aka ɗora dominmu, mu ne ba mu taɓa miƙa kwano ba.

Yanzu bari mu juyo ga iyayenmu maza, a yi mana haƙuri. Rashin sabis ya shafi kowa, amma bai shafe mu daidai ba. Namiji in saƙonsa ya maƙale, babur zai hau ya je tudu, ko da ƙarfe goma na dare ne. Matar aure fa? Yawancinmu a cikin gida muke sana'a. Sai dai mu ba yaro waya mu ce je ka tudu. In tiransifa ce, dole mu gaya masa lambar sirri. Yaro ya san abin da ke asusun uwarsa, abokinsa da ya raka shi ya sani, gobe unguwa ta sani. Akwai 'yar ƙungiyar nan da aka kwashe mata kuɗin awaki biyu ta wannan hanya, kuma har yau ba ta iya faɗin wanda take zargi ba, don na gida ne. Mun shiga ajin Malama ne don mu daina ba wani ya karanta mana sirrinmu. Mun iya karatun, sai ga sabis ya mayar da mu inda muka fito.

Ga farashi. Dillali yana zuwa ƙofar gida da farashin Dawanau na safiyar ranar a cikin wayarsa, mu kuma muna riƙe da na makon jiya. Mai zuwa Maigatari ranar Alhamis ya san yadda zoɓo ya kwana, mu da muka tsince shi muka shanya ba mu sani ba. Ga yaranmu. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yi. Duba sakamako, karɓar gurbin karatu, neman bashin karatu, duk a intanet. Kowanne sai an ba yaro kuɗin mota da na shagon kwamfuta ya tafi birni. In 'ya mace ce, sai an nemo mai raka ta, kuɗi ya zama biyu, wani uban kuma ya ce a bar shi kawai.

Akwai maganar da ta fi waɗannan nauyi, kuma Hajiya Shugaba ta ba mu izini mu faɗe ta a gaban kowa. A watan da ya gabaci babbar salla, wata 'yar'uwarmu ta tura zubin adashenta, naira 5,000, ta wajen mai POS. Sabis ya ɗauke ana tsakiyar turawa. An cire a wajenta, bai shiga wajen Ma'aji ba. Ta ce ta biya, littafi ya ce ba ta biya ba. Mai kwasa a wannan makon tana jiran kuɗin ne ta kai ɗanta asibiti. Maganganu suka fita waɗanda bai kamata su fita ba, wasu daga bakinmu mu 'yan kwamiti. Kwana tara ba ta taka taro ba, ba ta gaisa da maƙwabciyarta ba, alhali 'ya'yansu aure ne a tsakaninsu. Rana ta tara kuɗin suka dawo asusunta. Ba ta yi ƙarya ba ko kaɗan. Yaya, kina zaune a nan, ba za mu kira suna ba. A madadin kwamiti da ƙungiya, ki yafe mana. Shekara 10 muna tara amana kwabo-kwabo, saura ƙiris sabis ya watsa mana ita a kwana tara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to mun ga tsagar.

Mun san akwai masu cewa gara ma da sabis ɗin ba shi da ƙarfi, ko yara sa huta da kallon banza a TikTok. Ba mu raina wannan magana ba, mu ma iyaye ne. Amma ku je tudu bayan isha'i ku gani. Samarin suna can, sun sami abin da suke nema, ba mai ganinsu. Wadda rashin sabis ya hana ita ce uwar da ke son tura hoton daddawa. In sabis ya shigo tsakar gida, aƙalla yaro a gabanmu zai riƙe waya.

To me za mu yi? Abu huɗu muka kawo.

Na farko, littafin sabis. Mun sayi littafi mai shafi 80, yana wajen Sakatariya. Duk wadda tiransifarta ta maƙale, ko ciniki ya kuɓuce mata, ko ta biya kuɗin mota don neman sabis, ta zo a rubuta rana da lokaci da layin da abin da ta yi asara. Wadda ta iya ta rubuta da kanta. Kuka da baki iska ke ɗauka, amma hukuma tana jin tsoron takarda mai kwanan wata.

Na biyu, kai ƙara ta hanyarta. A fara kiran kamfanin layinki a 300, lamba ɗaya ce yanzu ga duk layuka, ki karɓi lambar ƙorafi ki rubuta. In ba su gyara ba, a kira NCC a 622, kyauta ne. In kuɗi ne suka maƙale, bankinki za ki fara zuwa da rasit. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, Babban Banki yana da sashen kare masu hulɗa da bankuna. Bayan wata uku za mu tattara abin da ke littafi mu rubuta wasiƙa ɗaya, kowa ta sa hannu, mu bi ta wajen mai girma Dagaci zuwa Hakimi, da kansila, da shugaban ƙaramar hukuma, da ɗan majalisarmu, da ofishin NCC na Kano. Abin da za mu nema a fili yake: ƙarfe a garin nan, ko a ƙara wa na kusa ƙarfi. Ranka ya daɗe, in aka zo neman fili da masu gadi, muna roƙon gari ya tsaya, don ƙarfen da ake sace wa batura ba mai sake zuba masa kuɗi.

Na uku, doka a tsakaninmu. Daga yau, duk wadda ta kawo rasit ko ta nuna saƙon cire kuɗi, an ɗauka ta biya har sai an bincika. Asusun ko-ta-kwana zai cike wa mai kwasa, in kuɗi sun fito a mayar. Ba mai kiran wata maƙaryaciya a kan abin da na'ura ta yi. A kasuwa kuma, kada ki saki kaya don an nuna miki waya an ce "ga shi ya tafi". Alat na bogi ya yi yawa. Ki duba asusunki da kanki. Lambobin banki masu farawa da tauraro ba sa buƙatar data, ko ƙaramar waya mai tocila tana yi, ko a kan E. Malama ta yarda ta ware darasin Asabar biyu a kan wannan. Lambar sirri kuwa, ko ɗan cikinki ne, a'a.

Na huɗu shi ne mai cin kuɗi, kuma ku za ku yanke. Akwai na'urar da ake sa wa layi, a ɗaura eriyarta a kan dogon ƙarfe ta jawo 4G daga nesa, ta rarraba wa wayoyin da ke kusa. Da ita da ƙaramar sola, ɗakin taronmu zai zama wurin da mace za ta zo da mayafinta da rana tsaka ta yi harkarta da hannunta, yaranmu su cike takardunsu. Ba za mu ɓoye muku ba, kuɗin daga abin da muke tarawa don injin matsar gyaɗa za su fito, injin zai ja baya da wasu watanni. A cikinmu mu biyar ma, uku ne suka yarda, biyu suka ce inji tukuna, kuma suna da hujja. Ba kuma za ta kai sabis ɗakin kowa ba, wannan sai ƙarfe. Shawararmu ita ce kada a biya ko sisi sai mai sayarwa ya kawo ta an gwada mako guda, har da ranar kasuwa. Gani ya kori ji. In ta yi, Ma'aji ta karanto farashi a taron wata mai zuwa a ɗaga hannu. In ba ta yi ba, ya ɗauki abarsa, mun gode.

Lokacin da muka fara, mu goma sha biyu ne da zubin naira ɗari-ɗari, ana ce mana adashen mata ba ya shekara. Da muka nemi aji, aka ce tsofaffi ba sa koyon boko. Wasiƙar da muka rubuta a kan rijiyar burtsatse sai da muka kai ta sau huɗu, yau ga shi kowa na sha. Wannan ma haka za mu bi ta.

Littafin yana kan teburin Sakatariya a bakin ƙofa, da biro a ɗaure da zare. Duk wadda sabis ya taɓa ci mata kuɗi a watan nan, ta tsaya ta rubuta kafin ta karɓi shinkafarta.

Allah Ya bar zumunci, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya jiƙan waɗanda muka fara da su ba su ga yau ba, Ya mai da kowa gidansa lafiya.